Tarihin Koyon Turanci Ba Malami a Gaba

Kayan koyon Turanci da ɗalibin jami'a yake buɗewa yau a wayarsa, daga ƙamus mai furta kalma zuwa manhajar da ke gyara masa rubutu, sun girmi intanet nesa ba kusa ba. Sun haura shekara 150 suna tafe, kuma a kowane zamani buƙata ɗaya ce ke haifar da su: masu neman harshen sun fi ƙarfin malamai, aji ya yi kaɗan, ko ya yi nisa, ko ya yi tsada. Malamin harshe yana ɗauke da ayyuka da yawa a lokaci guda. Shi ke zaɓar abin da za a koya ya tsara shi daki-daki, muryarsa ake kwaikwayo, shi ke duba aiki ya yi gyara, kuma idonsa ne ke hana ɗalibi yin sanyi. Tarihin karatun koyi-da-kanka tarihi ne na ƙoƙarin sauke waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya daga wuyan malami a ɗora wa takarda da faifai da rediyo da na'ura. Wasu sun sauku cikin sauƙi, wasu kuwa har yanzu ana fama.

Gidan waya ne ya fara buɗe ƙofa. A shekarar 1840 Biritaniya ta fito da kan sarki na kwabo ɗaya, wanda zai kai wasiƙa ko'ina a cikin ƙasar, sai Isaac Pitman ya yi amfani da wannan rahusa ya riƙa koyar da gajeren rubutu irin na akawu ta hanyar wasiƙa. Yana aika darasi, ɗalibi ya yi aiki ya mayar, shi kuma ya gyara ya sake aikawa. A 1856 aka shigo da harshe cikin wannan tsari a birnin Berlin, inda Charles Toussaint, malamin Faransanci, da Gustav Langenscheidt suka fara sayar da darussan Faransanci a takardu ga Jamusawa, bayan 'yan shekaru suka ƙara da na Turanci. Babbar matsalarsu ita ce furuci, domin takarda ba ta magana. Sai suka ƙirƙiro alamomin da ke nuna wa Bajamushe yadda zai faɗi kalma da haruffan da ya saba da su. Dabara ce mai rauni.

A 1858 Jami'ar Landan ta yanke shawarar da ta canza rayuwar mutane da yawa a ƙasashen da Ingila ta mallaka: ta yarda mutum ya zauna jarrabawarta ya sami digiri ko da bai taɓa shiga kolejinta ba. A lokacin jami'ar tana jarrabawa ne kawai, ba ta koyarwa, don haka kamfanonin karatu ta wasiƙa suka cike gurbin. Wolsey Hall da ke Oxford, wadda aka kafa a 1894, da Rapid Results College sun zama sunaye sanannu a Afirka ta Yamma. Kafin a buɗe kolejin jami'a ta Ibadan a 1948, ɗan Nijeriya mai son digiri ko ya hau jirgin ruwa, ko ya kama akwatin gidan waya. Obafemi Awolowo ta hanyar gidan waya ya sami digirinsa na farko a fannin kasuwanci a 1944, kuma Nelson Mandela ya yi karatun shari'a na Jami'ar Landan yana tsare. Malaman firamare da akawu na ofisoshin gwamnati da na kamfanoni sun yi shekaru suna raba dare da fitilar ƙwai, suna rubuta insha'i da Turanci suna aikawa Ingila, su jira makonni kafin takardar ta dawo da jan biro a jikinta. Jiran yana da tsawo, amma abin da ke dawowa gyaran mutum ne wanda ya karanta abin da aka rubuta ya gane inda tunani ya karkace. Kayan da suka biyo baya sun fi wasiƙa sauri ƙwarai, sai dai sun daɗe ba su kamo ta ba ta wannan fuska.

Murya ta samu ne da zuwan na'urar naɗar sauti. Thomas Edison ya ƙera ta a 1877, kuma shi kansa ya hango za ta yi amfani wajen koyar da furuci. A 1901 Jacques Roston, wani tafinta kuma malamin harsuna da ya zauna a Landan, ya kafa kamfanin Linguaphone, wanda ya fara da naɗar darussa a kan gwangwanin kakin zuma, daga baya ya koma faifan garmaho. Ana sayar da faifan tare da littafi mai hotuna. Ɗalibi ya saurara, ya bi da ido a littafi, ya maimaita da baki, ya mayar da allura baya sau nawa ya ga dama. Ta haka wanda bai taɓa haɗuwa da Bature ba zai ji yadda Bature ke faɗin jimla a cikin ɗakinsa. Faifai dai ba ya ji, don haka in ɗalibi ya karkata furuci babu mai ce masa ya sake.

A wannan tsakani wasu malaman Ingila da ke aiki a Asiya suka ɗauki wani aiki da ba a cika tunawa da shi ba, alhali kusan duk manhajar yau a kansa take tsaye. Tambayarsu ita ce: cikin dubban ɗaruruwan kalmomin Turanci, waɗanne ne baƙo ya kamata ya fara sani? Michael West, wanda ya yi aikin ilimi a Bengal, ya lura cewa abin da yaransa suka fi buƙata shi ne iya karatu, sai ya rubuta littattafan labarai da aka taƙaita kalmominsu, sabuwar kalma na shigowa a hankali tana maimaituwa. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a rubutun Turanci. A Japan kuma A. S. Hornby ya shirya ƙamus na musamman domin wanda Turanci ba harshensa ba ne, mai bayani da sauƙaƙan kalmomi, mai nuna yadda kalma ke zama a cikin jimla da irin kalmomin da take tafiya da su. An buga shi a Tokyo a 1942, madaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, shi ne ya zama ƙamus ɗin Oxford na ɗalibai da ya cika ɗakunan kwanan makarantu a Nijeriya. Irin wannan ƙamus malami ne a aljihu, domin an yi shi ne don a buɗe lokacin da babu wanda za a tambaya.

Rediyo ya kawar da batun kuɗi. BBC ta fara watsa darussan Turanci a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sashen da ya fara da 'yan mintoci ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan makarantun harshe na duniya, ko da yake ba shi da aji ko ɗaya. Muryar Amurka ta bi wata hanya daban a watan Oktoba na 1959 da shirinta na Special English: labaran duniya na gaske, amma da kalmomi kusan 1,500 kawai, da gajerun jimloli, ana karantawa a hankali fiye da yadda aka saba. Hikimar shirin ita ce mai sauraro ba ya jin darasi ake yi masa, labari yake bi, harshen na shiga ta bayan gida. Talabijin ya zo da nasa. Shirin Follow Me da BBC ta shirya tare da abokan aiki a Jamus a ƙarshen shekarun 1970 ya isa China a 1982, lokacin da ƙasar ke buɗe ƙofofinta, kuma miliyoyin mutane suka riƙa zama gaban akwati da littafi a hannu. Rauni ɗaya rediyo da talabijin suke da shi: su ke sa lokaci, wanda ya makara ya rasa. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya magance wannan, domin ana iya naɗar shiri a ajiye a yi ta juyawa.

Jami'o'i sun shigo da ƙarfinsu ne bayan 1957, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik. Amurka ta tsorata cewa an bar ta a baya, sai a 1958 ta yi dokar da ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje. Da wannan kuɗi aka gina dubban ɗakunan sauraron harshe, inda kowane ɗalibi ke da ɗan keɓaɓɓen gurbi da abin sawa a kunne da rakoda. Ra'ayin da ke tashe a lokacin, wanda masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya yi wa jagora, shi ne cewa koyo sabo ne: a yanka darasi ƙanana-ƙanana, a yi tambaya, a ba da amsa nan take, a maimaita har ya zama jiki. Ɗalibai suka yi ta canza kalma ɗaya a jimla ɗaya sau ashirin. Sakamakon bai kai kuɗin da aka kashe ba. Mutum zai iya cin kowace tambaya a gurbinsa, ya fito waje a gaishe shi ya rasa abin cewa. Zuwa shekarun 1970 ɗakuna da yawa sun koma ma'ajiyar ƙura.

Kwamfuta ta gaji wannan ra'ayi kai tsaye. A 1960 Donald Bitzer ya fara tsarin PLATO a Jami'ar Illinois, inda babbar kwamfuta guda ke hidima ga ɗalibai masu yawa ta allunan da aka jona mata. Zuwa 1972 allon ya zama na taɓawa da yatsa, kuma an rubuta darussan harsuna da dama, har da Turanci domin baƙin ɗalibai. PLATO tana duba amsa nan take, tana riƙe da tarihin kowane ɗalibi, tana mayar da shi inda ya yi tuntuɓe. Tana da wurin aika saƙo da dandalin muhawara tun kafin a san intanet a gidaje. Tsadarta ce ta hana ta yaɗuwa, amma duk wanda ya taɓa cike gurbi a manhajar waya ya ga koren haske ya taso, ya ɗanɗani gadonta.

Juyin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi bai zo daga na'ura ba, daga wata cibiyar bincike ya zo a Jami'ar Nancy ta Faransa, wadda ake kira CRAPEL. Yves Châlon ya kafa ta, bayan rasuwarsa a 1972 Henri Holec ya ci gaba da jagorancinta. Manya masu aiki ne suke zuwa wurinsu neman Turanci, kowa da buƙatarsa da lokacinsa, ba yadda za a tara su aji guda. Sai cibiyar ta tara kaset da jaridu da finafinai a ɗaki ɗaya ta ce kowa ya zaɓa. Nan da nan aka gane cewa tara kaya bai isa ba. Wanda ya yi shekara goma sha biyu ana ce masa buɗe shafi kaza bai san yadda zai zaɓa wa kansa ba, bai san matakinsa ba, bai san yadda zai auna ko yana gaba ko yana baya ba. Saboda haka aka samar da wani sabon ma'aikaci, mai ba da shawara, wanda ba ya koyar da harshen, sai dai ya zauna da ɗalibi su fitar da manufa, su zaɓi kaya, su sa lokacin sake haɗuwa. A rahoton da Holec ya rubuta wa Majalisar Turai, wanda aka buga a 1981, ya bayyana cin gashin kan ɗalibi a matsayin iya ɗaukar nauyin karatunsa da kansa, kuma ya nuna cewa wannan iyawa koyonta ake yi, ba a haihuwar mutum da ita. Daga nan cibiyoyin karatun kai suka bazu a jami'o'in Turai, kuma a farkon shekarun 1990 jami'o'in Hong Kong suka kashe kuɗi mai yawa a kansu. Inda aka sa masu ba da shawara aka kuma haɗa cibiyar da darussan aji, ɗalibai sun yi amfani da ita. Inda aka sayi na'urori aka bar su da mai gadi, ɗakin ya zama kango.

Ƙaramar kwamfuta ta shekarun 1980 da faifan CD na shekarun 1990 sun mayar da ɗakin sauraro cikin gida. Kamfanin Rosetta Stone ya fara a 1992 da darussan haɗa hoto da sauti ba tare da fassara ba. Wani abu mai ƙaramin kamanni amma mai dogon tasiri ya fito daga Poland. Piotr Woźniak, ɗalibin jami'a a Poznań, ya gaji da haddace kalmomin Turanci yana mantawa, sai ya shiga rubuta ranar da ya koyi kowace kalma da ranar da ta ɓace masa. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da ƙa'ida, tana sauri da farko sannan ta lafa. Woźniak ya mayar da wannan lissafi manhaja a 1987, SuperMemo, wadda ke dawo wa mutum da kalma daidai lokacin da take shirin kuɓuce masa, tazarar na ƙara tsawo duk sanda ya tuna. Manhajar Anki ta 2006 da sauran masu katin kalmomi duk a kan wannan dabara suke. Almajirin da ya san amfanin tilawa ba zai ga baƙon abu a nan ba; abin da na'ura ta ƙara shi ne ita ke riƙe da lissafin abin da ya kamata a bita yau. A shekarar 1987 ɗin ne kuma ƙamus ɗin COBUILD ya fito daga Jami'ar Birmingham a ƙarƙashin John Sinclair, wanda aka ciro misalansa daga miliyoyin kalmomin rubutu na gaske da aka tara a kwamfuta, maimakon jimlolin da mai ƙamus ya ƙaga.

Da yanar gizo ta buɗe ga kowa a farkon shekarun 1990, malamai ne suka riga kamfanoni shiga. Cibiyar koyar da rubutu ta Jami'ar Purdue ta ɗora takardunta a intanet a 1994, kuma Purdue OWL ta zama wurin da ɗaliban duniya ke zuwa duba yadda ake gina sakin layi da yadda ake ambaton madogara. Dave Sperling ya buɗe Dave's ESL Cafe a 1995, Randall Davis ya buɗe shafinsa na gwajin sauraro a 1998, duka kyauta. A 1998 ɗin ne kuma Jami'ar Victoria ta Kanada ta fitar da Hot Potatoes, wadda ta ba kowane malami damar ƙera tambayoyi masu duba kansu. Moodle ta biyo baya a 2002, jami'o'i suka sami rumbun da za su zuba darussa su ga wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. BBC da British Council suka kwashe kayansu suka mayar intanet. YouTube ta zo a 2005, daga nan sauraron Turanci na gaske, na lacca da hira da muhawara, ya daina zama abin nema.

A nan ne ya kamata a bambance irin Turancin da ɗalibin jami'a yake buƙata, domin mafi yawan kayan kasuwa ba shi suke sayarwa ba. A 1979 Jim Cummins, mai bincike a Kanada, ya raba harshen hira ta yau da kullum da harshen karatu mai zurfi. Yaron da ya zo baƙo yakan iya hira cikin kamar shekara biyu, amma yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo 'yan ƙasa a harshen littafi. Ɗalibi zai iya yin ciniki da barkwanci da Turanci, a ba shi babi ɗaya na littafin tattalin arziki ya kwana a shafi uku. Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ta tace rubutun ilimi mai kalmomi miliyan 3.5, a shekarar 2000 ta fitar da gidajen kalmomi 570 da ke yawo a kowane fanni, waɗanda su kaɗai suke kai kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun jami'a. Abokin aikinta Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta littafi ko jarida ba tare da yawan duba ƙamus ba yana buƙatar gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Waɗannan alƙaluma sun ba masu ƙera kayan karatu abin aunawa. Jami'ar Manchester kuma ta tara ɗaruruwan salon jimlolin da marubutan ilimi ke amfani da su wajen gabatar da hujja ko nuna shakku ko kwatanta sakamako, ta sa su a intanet da sunan Academic Phrasebank. Ga mai rubuta kundin digiri, irin waɗannan shafuka marasa ado sun fi manhajoji masu ƙyalƙyali amfani.

Shekarar 2012 ta zo da abubuwa biyu. Coursera da edX suka fara ba da darussan manyan jami'o'i kyauta ga duk mai intanet, FutureLearn ta Biritaniya ta bi su a 2013. A 2015 darasin British Council na shirin jarrabawar IELTS a FutureLearn ya tara mutum sama da 440,000 a zama ɗaya. Na biyun shi ne Duolingo, wadda Luis von Ahn da ɗalibinsa Severin Hacker suka ƙera a Jami'ar Carnegie Mellon. Von Ahn ɗan Guatemala ne, ya taso yana ganin yadda Turanci ke ninka albashin mutum alhali talaka ba ya iya biyan kuɗin koyonsa. Manhajarsa ta ɗauko dabarun wasannin waya, maki da matakai da ƙidayar kwanakin da mutum ya jera bai tsallake ba, domin ta yi aikin nan na malami da ya fi wuyar saukewa, wato hana ɗalibi gudu.

Gudun kuwa tsohon ciwo ne. Makarantun wasiƙa sun san shi, domin waɗanda ke biyan kuɗin shiga sun ninka waɗanda ke kaiwa darasin ƙarshe. A wani bincike da Katharine Nielson ta buga a 2011, ma'aikatan gwamnatin Amurka sama da 300 sun karɓi manhajojin koyon harshe bisa son ransu, amma waɗanda suka kai ƙarshe ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun duba darussan MIT da Harvard a edX suka ga cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 ne suka kammala, kuma mafi yawan masu cin moriyar daga ƙasashe masu arziki suke. Ƙidayar kwanaki ta Duolingo ta yi nasarar dawo da mutane kullum, sai dai minti biyar na haɗa gajerun jimloli ba ya kai mutum ga rubuta shafi goma masu hujja.

Gyaran rubutu shi ne ɗaya aikin da aka daɗe ana nema wa na'ura. Ellis Page ya fara gwada sa kwamfuta ta ba insha'i maki tun 1966, ta hanyar ƙirga tsawon jimla da nau'in kalmomi. Hukumar ETS, mai jarrabawar TOEFL, ta fara aiki da na'urar ba da maki a 1999. Grammarly, wadda wasu 'yan Yukiren suka kafa a 2009, ta kai gyaran nahawu cikin kowane akwatin rubutu, Cambridge kuma ta fito da Write & Improve, mai auna rubutu da ma'aunin Turai na 2001 mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Waɗannan suna kama kuskuren harafi da na lokacin aikatau da ƙananan kalmomin da ke gaban suna. A wancan lokaci ba sa gane cewa sakin layi na uku ya rushe abin da na farko ya gina. Akwai kuma haɗarin ɗalibi ya yi ta latsa amincewa da gyara, rubutu ya gyaru shi bai gyaru ba.

A Nijeriya buƙatar a fili take. Turanci ne harshen koyarwa a jami'a, ba a shiga sai da kyakkyawan sakamakonsa a jarrabawar kammala sakandare, kuma tun da aka kafa hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a 1978 takardar Turanci wajibi ce a kan kowane mai nema, ko likita zai karanta ko Larabci. A cikin jami'a ma ɗaliban shekarar farko suna ɗaukar darasin Turanci na bai-ɗaya, sau da yawa su ɗaruruwa a babban zaure, inda ba yadda malami ɗaya zai duba rubutun kowa. Karatu daga nesa ma yana da tushe a ƙasar: an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, Buɗaɗɗiyar Jami'a kuma, wadda aka kafa a 1983 aka dakatar a 1984, ta dawo aiki a farkon shekarun 2000. Wayar salula ta shigo a 2001. Shekaru da dama bayan haka ɗalibi sai ya je shagon intanet ya sayi awa, kafin wayoyi masu manhaja su yi araha. Komawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ta haifar da kasuwar manhajojin tsofaffin tambayoyi, waɗanda ga matasa da yawa su ne kayan koyi-da-kanka na farko da suka taɓa riƙewa, ko da yake cin jarrabawa suke koyarwa fiye da harshe. A 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU suka haɗu suka rufe jami'o'in gwamnati kusan shekara guda, a 2022 wani yajin ya ci wata takwas. A waɗannan watanni wanda ya yi karatu da kansa ya yi, kuma tsadar data da rashin wuta su suka raba mai iya kallon laccar bidiyo da wanda sai dai rubutu a WhatsApp.

Mai jin Hausa yana da nasa wuraren tuntuɓe da kayan da aka ƙera domin kowa da kowa ba su cika lura da su ba. Hausa ba ta raba sautin p da f yadda Turanci ya raba, ba ta tara baƙaƙe uku a farkon kalma, kuma tsarin lokutan aikataunta daban ne. Na'urorin sauraron furuci an fi horar da su da muryoyin Amurka da Ingila, don haka sukan ƙi furucin da duk wani ɗan Afirka ta Yamma zai fahimta sarai. Mafi yawan manyan manhajoji kuma ba sa bayani da Hausa, sai mai koyo ya riga ya iya wani abu kafin ya gane umarnin. Google Translate ta sa Hausa a watan Disamba na 2013, kuma malamai masu zaman kansu sun cike wani ɓangare na giɓin da darussan Turanci cikin Hausa a YouTube da Facebook da TikTok, ingancinsu kuwa ya danganta da mai yin su.

ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya saki a ƙarshen Nuwamba na 2022, da ire-irenta na ƙirƙirarriyar basira, su ne na'urori na farko da suke iya karanta insha'i su yi magana a kan tsarinsa, su amsa tambaya, su yi hira a kowane mataki da aka nema. Abin da mai karatu ta wasiƙa yake jira makonni yanzu yana zuwa cikin daƙiƙoƙi, ko da yake na'urar takan yi kuskure ta faɗe shi da cikakken tabbaci, har ta ƙago madogarar da babu ita. Matsalar da ta fi damun jami'o'i ita ce na'urar da ke gyara rubutu tana iya yin rubutun gaba ɗaya. Merrill Swain ta nuna a 1985, daga yaran Kanada da suka yi shekaru ana koyar da su da Faransanci suna fahimta sosai amma maganarsu da rubutunsu na da rauni, cewa harshe ba ya kama jiki sai an tilasta wa mutum ya haɗa jimla da kansa ya ga inda ya gaza. Saboda haka wasu jami'o'i suka koma ga rubutu a cikin aji da kare aiki da baki, wasu suka ba da izinin amfani da na'urar bisa sharaɗin ɗalibi ya bayyana inda ya yi amfani da ita. A cibiyoyin harshe da dama kuma an haɗa hanyoyin biyu: ɗalibi ya yi bitar kalmomi da sauraro da gyaran nahawu a wayarsa a lokacin da ya zaɓa, malami ya duba rahoton abin da ya yi, sa'o'in haɗuwa kuma a keɓe su ga magana da tattauna rubutu.